Tulunan Rumawa da Kabarin Yaya Lawal

In ana hira a ƙofar gida aka kawo zancen yadda Turawa ke girmama kayan tarihi, ni shiru nake yi, don in na buɗe baki hirar lalacewa take. Na yi wa ɗaya daga cikinsu aiki a bakin tekun Libiya, na ga girmamawar da idona. Mutumin nan yana iya durƙusawa wuni guda a gaban ɓarin tulu yana share shi kamar mai yi wa jariri wanka. To, a kan ɓarin tulun ne ya sa aka tone kabarin wana. Yau furfura ta cika mini kai, amma har yanzu ban manta ba.

Sunana Iro, ni mutumin Kurfi ne, haƙar rijiya muka gada a gidanmu. Daga Birchi zuwa Dutsin-Ma akwai rijiyoyin da har gobe ake sha, waɗanda ni da wana Yaya Lawal muka haƙa. Shi mutum ne mai sanyin rai da barkwanci, ni kuwa kowa ya san ni da saurin hawa. Ana saura 'yan shekaru ƙasarmu ta sami mulkin kai muka fita, da niyyar mu riƙa aiki a hanya har Allah ya kai mu Makka. Mutanenmu gabas suke bi. Mu wani farke ne ya ruɗe mu a kasuwar Dutsin-Ma, ya ce a ƙasar Fazzan mai haƙar rijiya sarki ne, kuma daga Tarabulus jirgin ruwa ke kai mutum Jidda yana kwance. Sai muka yi arewa.

A Agadas muka sami wani madugu da ya ce zai ɗauke mu kyauta, in dai za mu riƙa shayar masa da raƙuma. Muka yi ta godiya, ashe bayi biyu ya samu a ɓagas. Duk rijiyar da ayari ya sauka, kowa ya nemi inuwa, mu kuwa mu kama igiya. Wanda bai taɓa shayar da raƙumi mai ƙishirwa ba bai san abin da ake kira jan ruwa ba. Tafin hannunmu ya tsattsage, ya warke, ya sake tsagewa. Da muka isa Murzuk sai madugun ya nuna mana wani gida can ƙarshen gari, ya ce mu je mu gai da mai gonar dabinon da zai ba mu aiki. Muka je, mai gida ya ce bai san zancen ba. Kafin mu dawo ayari ya tashi, ya tafi da digarmu da daginmu da igiyoyinmu, duk kayan sana'armu.

Na yi ta zage-zage har muryata ta dushe. Yaya Lawal ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Iro, ka gode Allah hwa. Da shina da wayau, da mu ya saida, ya bar ma mai gonar diga."

Muka yi kaka guda muna hawan dabino a bakin abinci, daga nan muka gangara Sabha. Wani direban babbar mota, Allah ya saka masa, ya ɗora mu a kan buhunan dabino har Tarabulus bai karɓi komai ba, kuma duk inda ya tsaya sai ya gutsura mana burodinsa. A Tarabulus na fara ganin teku, ban kuwa ji ta burge ni ba. Ruwa har iyakar gani, amma ba ka iya kurɓar ko tafi ɗaya. Jirgin Jidda da aka ce mana yana nan, sai dai ba a shigarsa da addu'a kawai. A titi yara suna bin mu suna kiranmu bayi, alhali da iyayensu muke haɗa sahu a masallaci. Wata safiya muka ji wani yana neman ma'aikatan haƙa. Da jin kalmar haƙa muka yi tsalle muka shiga mota, muna murna mun koma sana'armu.

Motar ta bi bakin teku ta yi gabas da mu, ta sauke mu a wani wuri da ake kira Labda, kusa da garin Hums. Babu rijiya ko ɗaya. Gari ne guda, babba, wanda ya mutu tun kafin zuwan Musulunci, rairayi ya binne shi, shi ne ake tonowa. Aka ce mana garin Rumawa ne. Yaya Lawal ya dube ni ya ce, "Rumawan wajen Batsari? Ashe 'yan uwanmu sun riga mu zuwa."

Ba zan ɓoye ba, ranar farko bakina a sake na wuni. Ginshiƙai na farin dutse mai santsi a jere, kowanne ya fi giginya miƙewa, wasu a tsaye wasu a kwance. Tituna shimfiɗe da faffaɗan duwatsu, har da sawun ƙafar amalanke ya ci dutsen. Akwai kasuwarsu, da mudun awo da aka fafe a jikin dutse. Akwai wani fili mai matakala zagaye da aka ce nan suke taruwa kallon wasa. Gumaka kuwa ga su nan tsirara, wani ba kai, wani ba hannu, in za mu wuce sai mu kau da ido. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne makewayinsu. Dogon benci ne na dutse da ramuka a jere, ba ko zana tsakani, wai manyan gari su zauna kafaɗa da kafaɗa suna biyan bukata suna hira. Na ce wa Yaya, mutanen da suka iya ɗaga wannan dutse amma kunya ta gagare su, ai dole rairayi ya rufe su.

Aikinmu ɗibar rairayi ne da kwando, mu zuba a wasu ƙananan taragu da ake turawa da hannu zuwa bakin teku. Akwai heluma, wato shugaban leburori, wani Balarabe mai suna Salim, da usur a wuya da tsumagiya a hannu. A samansa akwai Baturen da ke da aikin, dogo, siriri, mai jan wuya. Ban taɓa riƙe sunansa ba, Mai Buroshi muke ce masa, saboda ɗan buroshin da yake share duwatsu da shi. Ba ya zagi, ba ya duka. Bai dai san muna nan ba ne. A ƙasar nan komai a juye yake, da sanyi ake ruwan sama, ga iskar teku mai shiga ƙashi. In hadari ya taso sai a busa usur mu ruga mu lulluɓe wani daɓen ƙananan duwatsu masu zane da sabuwar tamfol. Mu kuwa tantin da muke kwana a ciki ya fi rariya huji.

Allah ba ya barin bawansa haka nan. Akwai wata tsohuwa baƙa da ke sayar wa ma'aikata shayi a gindin wani bango. Wata rana muna gardama da Yaya a gabanta, sai muka ga ta ajiye buta tana kallonmu, hawaye na zuba. Ta ce, "Sannunku, 'yan gida." Sunanta Mabruka. Uwarta tun tana yarinya aka kamo ta daga ƙasar Damagaram aka sayar a nan, a bakinta ta koyi Hausa, kuma tun da uwar ta rasu ba ta sami wanda za ta yi da shi ba. Daga ranar muka koma kiranta Gwaggo. Takan tuƙa mana wani abu na garin sha'ir da suke kira bazin, Yaya ya ce tuwo ne ya yi ɓatan kai. Shayinta kuwa da soyayyar gyaɗa a cikin kofi take ba mu. Duk gyaɗar da muka noma a Kurfi, ba mu taɓa tunanin jefa ta a shayi ba, amma in na kurɓa sai in ji ƙanshin gida ya taso mini, in rasa abin da ke mini daɗi.

Sanyin nan ne ya kama Yaya Lawal a ƙirji. Ya fara da tari, ya koma numfashi da ƙyar. Na roƙi Salim a sa shi a motar da ke zuwa Hums kullum a kai shi asibiti, ya ce motar ta kayan aiki ce. Gwaggo ta kwashe shi zuwa ɗakinta a ƙauyen da ke bayan kangon, ta yi ta dafa masa ganyayyaki. Ranar wata Juma'a da hantsi ya kama hannuna ya ce, "Iro, kar ka yi hwaɗa da kowa, ka ji ko? Ka rufe ni kamar gida." Bai ƙara magana ba sai kalmar shahada.

Mutanen ƙauyen sun kyauta, ba zan ci haƙƙinsu ba. Limaminsu ya zo, aka yi wanka, wani ya kawo likkafani, suka ba mu wuri a maƙabartarsu. Kabarin ni na haƙa da hannuna, ban bar kowa ya taɓa ba. Na haƙa babban ramin, na tsaga siririn a tsakiya daidai kafaɗarsa, yadda muke yi. Sai maganar abin rufewa. Su da faffaɗan duwatsu suke rufe nasu, mai sassaƙa su kuwa ya yi tafiya. Itace kuma babu, don a can ba mai sare zaitun ko dabino yana da rai.

A Kurfi wannan ba abin tsayawa shawara ba ne. In an yi rasuwa, fasassun tukwane da randuna ake tattarowa a kifa a kan ramin, a toshe kafofin da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, sannan a tura ƙasa. Fasasshiyar tukunya ba ta da mai ita ranar mutuwa. Ka shiga bayan kowane gida ka ɗauka, in matar gidan ta gan ka ma addu'a za ta yi, ta ƙaro maka wata. Sai na tuna a bayan rumfar Mai Buroshi akwai ɓarin tuluna a yashe a ƙasa, irin dogayen nan masu hannu biyu da tsinin gindi, waɗanda muka tono a wani ɗaki. Ranar ba aiki, Bature ya tafi Tarabulus. Na je da rana tsaka, a gaban mai gadi, na zaɓi manya na ɗoro a kai, na yi sawu na sake komawa. Mai gadin ya yi wata magana da Larabci, na ɗauka ta'aziyya yake mini, na ce amin. Tulunan suka zauna a bakin ramin cif, kamar don shi aka gina su. Na toshe ko'ina, ko ƙwayar ƙasa ba ta faɗa masa ba. A ranar, cikin baƙin cikina, na ji sanyi a raina cewa na cika masa abin da ya roƙa.

Bayan 'yan kwanaki Mai Buroshi ya dawo. Ina cikin tura tarago na ji ihu daga wajen rumfa, ban taɓa sanin mutumin yana da murya haka ba. Ba a sha wahalar nemana ba, tunda ba a ɓoye na yi ba. Aka kirawo Gwaggo ta yi tafinta. Bature ya faɗa wa Salim, Salim ya faɗa wa Gwaggo da Larabci, ita kuma ta juya mini.

Ta ce, "Ɗana, wai tulunan nan ba yasassu ba ne. Jera su ya yi zai haɗa. Wai akwai jan rubutu a wuyansu wanda bai riga ya karanta ba."

Na ce, "Gwaggo, ki ce mashi ban sani ba. Wurinmu abin da ya hwashe aka aje bayan ɗaki, na mamaci ne. Ya yi haƙuri."

Magana ta tafi ta dawo. Gwaggo ta sunkuyar da kai, sai da Salim ya daka mata tsawa. Ta ce, "Wai a ciro su."

Da farko ban gane ba. Da na gane, sai na shiga roƙon Baturen. Na ce ya riƙe ni in yi masa aiki kyauta har shekara ta zagayo. Na ce in tone masa duk rairayin garin in nemo masa wasu. Na durƙusa, ni Iro da ban taɓa durƙusa wa wani ba in ba mahaifi ba, na kama ƙafar wandonsa. Ya ja da baya yana kaɗa hannu, fuskarsa kamar shi aka zalunta. Ya ce yana baƙin ciki ƙwarai da rasuwar, amma rubutun nan babu irinsa a ko'ina, damshin kabari zai cinye shi, kuma kayan na hukuma ne, ba nasa ba. Wallahi da ba don maganar ƙarshe da Yaya ya yi mini ba, da ranar an yi gawa ta biyu a Labda.

Na ruga wurin liman, ina ganin nan ne mafakata. Dattijon ya saurare ni, ya yi ta shafa gemu, idonsa ya yi ja. Ya ce a shari'a, in an binne mamaci da kayan wani, mai kayan kuma ya ƙi yafewa, ana iya buɗewa a ba shi abinsa. Na ce, "Malam, wane ne mai kayan? Wanda ya gina tulun ya zama ƙasa tun kafin kakan kakanka. Wanda ya saya ya zama ƙasa. Wanga Bature daga wata uwa duniya ya zo, jiya ya gan su. Shi ne mai kaya, wana kuwa da ya mutu wurin tono mashi su ba shi da ko ɓari guda?" Liman ya miƙe. Ya je da kansa ya roƙi Baturen, ya dawo kai a ƙasa. Washegari 'yan sanda biyu suka zo daga Hums, suka ce in na hana, za a kulle ni, a sa 'yan ƙwadago su tone da diga.

Gaba kura, baya sayaki. Na san yadda 'yan ƙwadago ke sara in heluma na tsaye a kansu da usur. Na ce ba mai taɓa kabarin nan sai ni.

Da sassafe bayan sallar asuba na nufi maƙabarta. Ina isa na hangi Gwaggo tafe, ta ɗauko wani abu a kai tana tangaɗi. Ƙyauren ɗakinta ne ta ɓalle. Ɗaki ɗaya gare ta, yana kallon teku, ga sanyin da ake yi. Na ce, "Gwaggo, ke hwa?" Ta ce, "Buhu ya ishe ni. Tsaga ka rufe ɗan uwanka." Na tsattsaga shi gida-gida daidai faɗin ramin.

Liman da wasu dattawa biyu suka riƙe mayafi a kan kabarin, suka juya fuskokinsu. Bature ya tsaya can nesa, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, wai shi mai ladabi. Na kwashe ƙasar sama da shebur, da na kusa sai na ajiye na koma yi da hannu. Ba zan faɗi abin da hancina ya shaƙa ba, duk wanda ya san mutuwa ya sani. Na ce, "Yaya, ni ne, Iro. Ka yi haƙuri, ba da son raina ba." Na ɓamɓare laka, na ɗaga ɓari ɗaya, na yi maza na sa katako a gurbinsa kafin in taɓa na gaba. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya, don kada ya kasance a buɗe gaba ɗaya ko na ƙiftawar ido. Na yi ƙoƙarin kada in duba, amma ido ba ya jin magana. Na ga likkafanin, na ga inda na ɗaure masa a ka. Hawaye ya hana ni ganin sauran, na gode wa Allah da hakan.

Na sake kwaɓa ƙasa, na toshe, na mayar da komai, liman ya yi addu'a. Kafin mu shafa, Salim ya riga ya sa an kwashe tulunan. Na bi su har rumfa da laka a jikina. Mai Buroshi ya sa tabarau, ya share wuyan tulu ɗaya, ya duba, ya yi 'yan rubuce-rubuce, ya ɗauki na gaba. Kafin mutum ya shanye kofin shayi ya gama da su duka, ya ce a kai ɗakin ajiya.

Na ce wa Gwaggo ta tambayar mini abin da aka rubuta. Ina so in ji maganar da ta fi sutura ga Musulmi nauyi. A raina na ce ko sunan wani annabi ne, ko wasiyyar wani sarki. Tambaya ta tafi, amsa ta dawo ta bakin mutum uku, Baturen har da murmushinsa na jin daɗi.

Gwaggo ta ce, "Wai sunan wani mai sayar da man zaitun ne, da yawan man da ya zuba a ciki."

Na kwance kwandon aikinsu daga kafaɗata na ajiye a gaban Baturen, na fita. Na zauna a ƙauyen har na haɗa wa Gwaggo wani ƙyaure da katakon akwatuna, sannan na kama hanyar kudu. Makka ban je ba a wannan tafiya, zuciyata ba ta da sauran ƙarfin ƙara gaba.

Damina ta kusa faɗuwa na shiga Kurfi ni kaɗai. Labarin rasuwar ya riga ni isowa ta bakin fatake, an yi zaman makoki an tashi. Da mutane suka watse, mahaifiyarmu ta kira ni ɗakinta. Idonta ya riga ya raunana, sai ta lalubo hannuwana ta riƙe, tana shafa tsagar da igiya ta bar mini.

Ta ce, "Iro, abu ɗaya ni ke son ji. Can ƙasar mutane, wa ya rufe mani Lawal?"

Na ce, "Ni ne, Inna. Da hannuna."

Ta ce, "Alhamdu lillahi. To, ya kwanta lahiya, ba abin da ya tashe shi."

Na ce, "Ba abin da ya tashe shi, Inna."

Ta saki hannuna ta jawo carbinta. Har ta koma ga Allah ban gaya mata sau biyu na rufe shi ba.